Baƙin Tabarau: Tarihin Neman Wa Ido Inuwa

Masu iya magana sun ce idan rana ta fito, tafin hannu ba ya kare ta. Duk da haka, tafin hannun nan shi ne tabarau na farko da ɗan Adam ya sani, domin har gobe idan mutum ya fito daga zaure da tsakar rana, abin da yake fara yi shi ne ya ƙanƙance idanu ya ɗora hannu a goshi. Daga wannan ɗora hannu zuwa baƙin tabarau ɗin da samari ke talla a kan allon kwali a bakin tasha, an yi tafiya ta fiye da shekara dubu biyu. Abin da ya sa na ga ya kamata a bi sawun wannan tafiya shi ne, yawancinmu idan mun tashi sayen tabarau ba abin da muke dubawa sai duhunsa. Mu ɗaga shi sama mu leƙa, in mun ga ya mai da rana kamar magariba, sai mu ce wannan shi ne mai kyau. Tarihi kuwa ya nuna cewa duhu daban, kariya daban, kuma sai da idanu da yawa suka wahala kafin a gane haka.

Mutanen da suka fara shan wuyar hasken rana har ta kai su ga ƙera wani abu ba mutanen hamada ba ne, kamar yadda mai karatu zai zata. Mutanen ƙanƙara ne. A can ƙuryar arewacin duniya, wato Alaska da arewacin Kanada da Girinlan, akwai al'ummar Inuit da 'yan'uwansu Yupik, waɗanda abincinsu ya dogara ga farauta a kan dusar ƙanƙara. Idan sanyi ya fara ja da baya rana ta dawo, sai ƙasar tasu ta zama kamar faffaɗan madubi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken nan mai ƙuna da ya sauka a kanta, alhali busasshen rairayi kashi 15 kawai yake mayarwa. Maharbin da ya yini a irin wannan fili ba zai ji komai ba sai dare ya yi, sa'an nan idanunsa su kama raɗaɗi kamar an watsa masa yashi, hawaye ya yi ta zuba, ya kasa buɗe su kwana ɗaya ko biyu. A ƙasar da mutum ba ya ci sai ya harbo, makantar kwana biyu ba ƙaramin abu ba ce.

Dabarar da suka yi tun ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su isa wurinsu ita ce, su sassaƙa ƙashi, ko ƙahon barewar ƙasarsu, ko hauren wata dabbar teku, ko itacen da ruwa ya koro, daidai da fuskar mai shi, su tsaga masa 'yar siririyar kafa a daidai kowane ido. Wani lokaci su shafa masa baƙin hayaƙi daga ciki. Babu gilashi ko kaɗan a jikinsa. Amma da yake ya manne da fuska, haske ba ya samun hanya ta gefe ko ta ƙasa, sai ɗan abin da ya bi ta tsagar. Wannan batu na mannewa da fuska mai karatu ya riƙe shi, za mu sake tarar da shi a gaba.

Girkawa ma sun gamu da wannan masifa. A shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) wasu sojojin haya na Girka, kimanin dubu goma, suka bi wani ɗan sarkin Farisa mai suna Sairus yaƙin neman gadon sarauta. Aka kashe shi, suka juyo gida ta cikin duwatsun Armeniya a tsakiyar sanyi. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Zenofon, ya rubuta labarin tafiyar, inda ya faɗi yadda aka riƙa barin waɗanda ƙanƙara ta makantar a baya, ya kuma lura cewa wanda ya riƙe wani baƙin abu a gaban idonsa yana tafe yakan sami sauƙi. Shi kuwa labarin Sarkin Rum Nero, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa ta 68 Miladiyya, da ake cewa yana kallon 'yan dambensa ta cikin koren dutsen zumurrudu, daga littafin Pliny aka samo shi, kuma masana da dama suna ganin madubi ne Pliny yake nufi ba tabarau ba. Masu tallan tabarau dai suna son labarin, don ya haɗa hajarsu da sarauta.

A namu ɓangaren na duniya, hanyar da aka bi ta bambanta. Buzayen da ke kai ayarin raƙuma Bilma da Faci ɗauko gishiri suna ratsa Tenere, inda babu bishiya babu inuwa, kuma abin da suka dogara da shi shi ne rawani da amawali, a naɗe kai da fuska a bar wa idanu 'yar tsaga. In ka duba da kyau, wannan tsagar da ta mutanen ƙanƙara duk dabara ɗaya ce, su da zane, waɗancan da ƙashi. Manomi da makiyayi kuma suna da malfa. Sai kuma kwalli, wanda tun zamanin Fir'aunonin Masar maza da mata suke sa shi, ana ganin yana rage ɗaukar idon da rana ke yi. A 2003 wasu likitocin ido a Jami'ar Yale ta Amurka sun yi wani ɗan ƙaramin gwaji a kan baƙin man da 'yan wasa ke shafawa a ƙarƙashin ido, suka ga lalle yana ɗan rage ƙyalli. To amma kwalli ba ya tare hasken da ke shiga cikin ido, kuma dutsen da ake niƙawa a yi shi sau da yawa akwai dalma a ciki, wadda take da illa musamman ga jarirai.

Kafin a yi maganar gilashi, dole a ambaci Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040. Kafin zamaninsa masana da yawa na ɗaukar cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓo abin da ake kallo. A cikin Kitabul Manazir ya tsaya kan cewa haske ne ke shigowa ido daga waje, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsa abu ne da kowane yaro ya sani: in ka kalli rana idonka zai yi zafi, in ka kau da kai kuma ka ci gaba da ganin tabonta. Ashe ke nan haske abu ne mai yi wa ido aiki, har ya iya yi masa rauni. Duk wani tabarau da aka ƙera daga baya a kan wannan fahimta yake tsaye.

Tabarau na gyaran gani a Italiya aka fara yin sa, wajen 1286. Mai launi kuwa ya biyo baya a hankali. Mutanen Sin sun daɗe suna goge wani dutse mai garai-garai, mai launin hayaƙi ko na ruwan shayi, suna ɗaura shi a ido da imanin cewa yana sanyaya shi. Marubuta tarihin tabarau sukan kawo labarin cewa alƙalan ƙasar suna sa irin wannan a zaman shari'a don kada mai ƙara ko wanda ake ƙara ya karanci fuskarsu. A birnin Benis, wanda titunansa ruwa ne, motocinsa kwalekwale, maƙeran gilashi sun riƙa yi wa masu hali koren tabarau a ƙarni na 18 saboda ƙyallin ruwa. A Landan kuma, a 1752, wani mai sana'ar tabarau, James Ayscough, ya riƙa yaba gilashi kore da shuɗi, sai dai shi gyaran gani ya sa a gaba, ba rana ba. Dukansu abu ɗaya suke yaƙi da shi, wato hasken da ido ke gani. Ba wanda ya san cewa akwai wani abokin gaba a ɓoye.

Hasken da ido ba ya gani

A 1800 masanin taurari William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito launi-launi kamar bakan gizo, ya sa ma'aunin zafi a gaba da inda jan launi ya ƙare, wurin da ido ba ya ganin komai, sai ya ga ma'aunin ya hau. Da labari ya kai Jamus, wani saurayi mai suna Johann Ritter ya ce bari ya duba ɗaya gefen. A 1801 ya ajiye takarda mai wani sinadarin azurfa, wanda haske ke baƙanta shi, a gaba da inda launin shunayya ya ƙare. Takardar ta yi baƙi a nan fiye da ko'ina. Wannan ɓoyayyen haske shi ne ake kira altarabayolet, wanda ake taƙaita sunansa da haruffa biyu, UV, a jikin tabarau. Ba a ganinsa, ba a jin ɗuminsa, amma shi ne ke ƙona tantanin gaban ido, ya jawo abin da ya sami maharbin ƙanƙara da sojojin Zenofon. Shi ne kuma ke hana yaron mai walda barci ranar da ya yini yana kallon tartsatsi. Ciwon ɗaya ne, wurin kamuwa ne ya bambanta.

An ɗauki fiye da shekara ɗari kafin wannan ilmi ya shiga cikin tabarau, kuma ba masu yawon shan iska ne suka jawo shi ba, leburori ne. A Ingila an lura cewa masu aikin hura kwalba, waɗanda ke yini suna kallon narkakken gilashi a bakin tanderu, yana tana rufe musu ido tun ba su tsufa ba. Aka ɗora wa wani dattijon masani, Sir William Crookes, aikin nemo gilashin da zai kare su. Yana da shekara sama da 80 lokacin da ya gabatar da sakamakonsa a 1913, bayan ya gwada haɗi fiye da 300. A cikin abin da ya gano akwai cewa idan aka zuba wani ƙarfe mai suna siriyam a cikin gilashi, yana shanye hasken UV, alhali gilashin kusan fari yake, ɗan launi kaɗan gare shi. A ganina nan ne tarihin ya juya. Tun daga wannan rana ya tabbata cewa gilashi yana iya zama garau ya kare ido, yana kuma iya zama baƙi ƙirin bai kare komai ba.

Masu hawan duwatsu su ne suka ci gaba da biyan kuɗin makaranta. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, ƙarfin hasken UV yana ƙaruwa da kashi 10 zuwa 12 cikin 100, saboda iskar da ke tace shi ta ragu. Ranar 4 ga Yuni, 1924, wani hafsan sojan Ingila, Edward Norton, ya kai tsayin kusan mita 8,570 a kan tsaunin Everest ba tare da tulun iskar shaƙa ba, bajintar da ba a wuce ta a haka ba sai 1978. Da yake wurin da yake bi duwatsu ne baƙaƙe, ƙanƙara kaɗan, sai ya ga ba ya bukatar tabarau, ya cire don ya ga inda zai sa ƙafa. Cikin dare idanu suka rufe. Ya yi kusan sa'a 60 ba ya gani, sai da aka riƙa kama ƙafarsa ana ɗora masa a matakai kafin aka sauko da shi. Haka ya faru da Faransawa biyu, Terray da Rébuffat, a kan tsaunin Annapurna a 1950: hazo ya rufe su, suka cire tabarau don neman hanya, washegari suka tashi makafi. Abin lura a nan shi ne dukansu ba ƙyallin rana ne ya dame su ba a lokacin da suka cire. Idonsu ya gaya musu babu haɗari, kuma idon bai san abin da yake faɗa ba.

Yadda ya shiga kasuwa

Yadda baƙin tabarau ya zama kayan kowa, labari ne na cinikin matsefi. Sam Foster yana da masana'anta a garin Leominster na Amurka inda yake yin matsefai da kayan adon gashi na roba. Sai 'yan matan zamanin suka shiga yayin yanke gashi, kasuwar matsefi ta faɗi. Ya nemi abin da zai yi da injunansa, ya koma yin tabarau mai araha, a 1929 ya fara sayar da shi a wani kanti da ke bakin teku a Atlantic City. Taurarin fim na Hollywood kuma sun riga sun fara sa shi, wasu don fitilun ɗaukar fim na lokacin suna fitar da UV har su jajanta musu ido, wasu don kada a gane su a titi, wasu kuwa, in za a faɗi gaskiya, don a gane su ɗin. A 1938 mujallar Life ta ba da labarin cewa an sayar da tabarau miliyan 20 a Amurka a 1937, ta kuma ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu sa shi suke bukatarsa don kare ido. Saura ado ne.

A daidai wannan lokaci sojojin sama na Amurka suna kukan cewa matuƙa jirage, da suka fara tashi sama da gajimare, rana na sa musu ciwon kai da jiri. Kamfanin Bausch & Lomb ya yi musu koren gilashi mai faɗi, mai saukowa ƙasa kamar ɗigon hawaye, don ya rufe ido ko da matuƙi ya sunkuya duba agogunan gabansa. A 1937 aka sa masa suna Ray-Ban aka kai shi kasuwa. Hotunan Janar MacArthur sanye da shi a Filifin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun yi masa tallan da kuɗi ba zai saya ba. A 1953 kamfanin ya fito da gilashin da ya kira G-15, wanda ke barin kashi 15 cikin 100 na haske ya wuce. Mai karatu ya lura: matuƙin jirgin yaƙi, wanda ya fi kowa kusa da rana, ba a ba shi mafi duhu ba, domin yana bukatar ya ga abin da ke gabansa.

Shi kuwa Edwin Land, ɗalibi ne da ya bar Jami'ar Harvard ya shiga gwaje-gwajensa, ya nemi rajistar wata fatar roba mai tace haske a 1929, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Hikimar abin ita ce, hasken da ya daki shimfiɗaɗɗen wuri, kamar ruwa ko kwalta ko bayan mota, ya dawo ido, yawancinsa a kwance yake kaɗawa. Fatar Land kamar asabari take wadda aka jera tsinkayenta a tsaye: mai zuwa a tsaye ya wuce, mai zuwa a kwance ya tsaya. Shi ya sa masunci a Yawuri ko a tafkin Cadi, in ya sa irin wannan, zai iya hango abin da ke ƙarƙashin ruwa, direba kuma ya huta da walƙiyar kwalta. Amma wannan ma maganin ƙyalli ne, tare UV aiki ne na dabam, ko da yake masu kyau suna haɗa duka biyun. Daga baya, a shekarun 1960, kamfanin Corning ya fito da gilashi mai yin duhu da kansa in an shiga rana ya washe in an shiga ɗaki. Yawancin irinsa UV ne ke tashe su, saboda haka a cikin mota, inda gilashin gaba ya riga ya tare UV ɗin, ba sa yin duhu sosai.

Akwai wani aiki na biyu da baƙin tabarau ya ɗauka, wanda marubuci ba zai so ya wuce shi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma rabin fuska ido ne. Wanda ya rufe idonsa yana ganinka ba ka ganinsa, ya karanta ka, kai ba ka karanta shi ba. 'Yan ta'addar da François Duvalier ya kafa a Haiti a 1959, waɗanda ake kira Tonton Macoute, da baƙin tabarau aka san su. Hoton Janar Pinochet da ya zagaya duniya bayan juyin mulkin Chile a 1973 na mutum ne zaune ya harɗe hannuwa, ido a bayan baƙin gilashi. Mu nan kuwa ba sai an tuna wa kowa Janar Sani Abacha ba, wanda ya mulki Nijeriya daga Nuwamba 1993 zuwa Yuni 1998. Shi ya sa a littattafanmu na hikaya da finafinanmu, da zarar an ce ga wani ya fito daga mota da baƙin gilashi, mai karatu ya san ba alheri ya kawo shi ba. Abin ya yi yawa har ya zama gajeriyar hanya ga marubucin da ya ƙi wahalar gina mugun tauraronsa. Ga shi kuwa a zahiri mai baƙin tabarau yana iya zama makaho, ko wanda aka yi wa aikin ido shekaranjiya, ko zabiya, wanda ƙarancin launi a idonsa ya sa hasken da ni da kai muke ɗauka ba komai ba yake zame masa azaba.

Lambobin da ke jikin ƙafar tabarau

Likitoci sun daɗe suna zargin cewa bayan ƙunar kwana biyu, rana tana da wata ɓarna ta a hankali. A 1988 wani likita ɗan Ostireliya, Hugh Taylor, da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan masunta 838 a gaɓar Chesapeake ta Amurka. Suka gano cewa wanda yawan hasken UV da ya shiga idonsa ya ninka na wani, haɗarin kamuwarsa da wani nau'in yanar ido ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100. Suka kuma nuna cewa hula mai baki kaɗai tana rage abin da ke kaiwa ido da kusan rabi, wato dai malfar kakanninmu ba ta tsufa ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa yana ita ce kan gaba wajen makantar da masu shekara 40 zuwa sama, da kusan kashi 43 cikin 100. Tsufa ne babban dalilinta, ba shakka, amma tsufa ba shi da magani, rana kuwa ana iya rage ta. Haka nan naman nan da kan tsiro daga gefen farin ido ya doshi baƙin, wanda ya yawaita ga manoma da masu sana'ar waje, yana da alaƙa da hasken da ke shigowa ta gefe. Nan ne dabarar mutanen ƙanƙara ta dawo: tabarau mai faɗi wanda ya lanƙwasa ya rungumi fuska ya fi ɗan ƙarami mai kyan gani, komai duhunsa.

Ostireliya, ƙasar da rana ta fi addabar fararen fata, ita ce ta fara kafa ƙa'idar ƙasa a kan tabarau a 1971. Turai ta yi tata a 1997, sa'an nan a 2013 aka fito da ta duniya mai lamba ISO 12312-1. Wannan ƙa'ida ta kasa duhun gilashi gida biyar, daga 0 zuwa 4, kuma masana'antun kirki suna buga lambar a cikin ƙafar tabarau ko a takardarsa. Na 0 da na 1 kusan ado ne. Na 2 yana barin kashi 18 zuwa 43 na haske ya wuce, ya dace da rana mai sauƙi. Na 3 yana barin kashi 8 zuwa 18, kuma shi ne na rana mai tsanani irin ta bazararmu, a nan G-15 ɗin matuƙa jirgi ya faɗo. Na 4, mai barin kashi 3 zuwa 8 kacal, shi ne jikan tabarau ɗin masu hawan ƙanƙara, sau da yawa har da marufin fata a gefe. An yi shi ne don tsaunuka da tsakiyar teku da buɗaɗɗiyar hamada, kuma ƙa'ida ta wajabta a rubuta a jikinsa cewa bai dace da tuƙi ba. Dalili kuwa a fili yake: direban da ya fito daga rana ya shiga ƙarƙashin gada ko inuwar bishiyoyi da irin wannan a fuska, na ɗan lokaci ba ya ganin yaro ko akuyar da ke gabansa.

Duk waɗannan lambobi duhu suke aunawa. Kariya daga ɓoyayyen hasken da wata alama ake nuna ta, wato UV400, ma'ana gilashin yana tare dukan nau'in hasken har zuwa iyakar inda ido ke fara gani. Haɗarin baƙin gilashin da ba shi da wannan kariya shi ne, 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido takan tsuke a cikin haske ta buɗe a cikin duhu. In ka sa mata duhu sai ta saki jiki ta buɗe, kai ma ka daina ƙanƙance ido, UV kuwa ya sami ƙofa a wangale. Wannan ba ya nufin duk na talla jabu ne. Robar da ake kira polikabonet, wadda aka gano a 1953 kuma ake yin tabarau masu araha da yawa da ita yanzu, tana tare UV da kanta ko da fara ce. Tsada ba shaida ba ce, haka nan 'yar takardar da aka liƙa a gilashi, tun da kowa na iya buga ta. Shagunan tabarau da asibitocin ido da dama suna da 'yar na'urar da ke auna wannan cikin ƙasa da minti ɗaya.

Akwai kuma iyakar da ko lamba 4 ba ta kai ba. Ba ta isa aikin walda ba, ko da yake a garejinmu an mai da baƙin tabarau na talla kayan aiki. Walda tana da nata gilashin mai nasa lambobin. Ba ta kuma isa kallon ƙwayar rana ba. Ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da cikakken husufin rana ya ratso Gana da Togo da Binin ya bi ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi ya nufi Libiya, gari ya yi duhu da hantsi, jama'a da yawa da abin da ke hannunsu suka kalli sama, wasu da tabarau biyu a haɗe, wasu da fatar hoton asibiti. Gilashin da aka yi don wannan aiki yana barin abin da bai fi kashi ɗaya cikin dubban goma na hasken rana ba ya wuce, har in ka sa shi a cikin ɗaki ba ka ganin komai, kuma yana da tasa ƙa'idar, ISO 12312-2. Masana taurari sun riga sun lissafa cewa wani cikakken husufin zai sake ratsa Nijeriya ranar 20 ga Maris, 2034, ya shigo ta wajen Legas ya wuce Kamaru da Cadi da Sudan.